Ɗaga Rigar Yaro Ka Duba Ƙirjinsa: Matakan Ceton Numfashi Kafin A Isa Asibiti

Wani dare cikin hunturu, lokacin ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye a ƙasar Daura, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan sallar isha'i. Wata dattijuwa ce da matar ɗanta, an goyo yaro ɗan wata takwas. An naɗe shi da zani biyu, ga rigar sanyi, ga hula, sannan hijabi ya rufe komai.

"Ɗan nan, mura ce ta hana shi barci, yau kwana uku. Ka ba mu na tari mu koma," in ji dattijuwar.

"To Inna, a kwanto shi in gani tukuna."

Sai da muka warware kayan nan ɗaya bayan ɗaya kafin ƙirjinsa ya bayyana. Duk sanda ya ja numfashi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki kamar an danna da yatsa. Na duba agogo na ƙirga, 64 a minti ɗaya. Aka ba shi nono, ya kama ya saki, ya kama ya saki. Na ce musu limoniya ce, wato ciwon huhu, mai tsanani, a daren nan za a wuce da shi Daura inda za a sa masa iskar oksijin. Allah ya sa yana da sauran shan ruwa, ya tashi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da uwar ta yi mini muna jiran mota, murya ƙasa-ƙasa don kada uwar mijinta ta ji: "Malam, da ma ta nan ake ganewa? Ai tun jiya nake ganin cikin nan yana yin haka."

Yini guda da kwana tana kallon alamar, babu wanda ya taɓa gaya mata ma'anarta. Saboda irinta nake wannan rubutu, da iyaye maza, da 'yan agajin masallatai, da masu kemis, da direbobin da akan tasa tsakar dare. Karatu ba zai maye gurbin koyo da hannu ba, musamman danna ƙirji da hura iska, don haka duk wanda ya samu horon Red Cross ko na ma'aikatan lafiya kada ya bari ya wuce shi. Amma yanke shawarar cewa yaron nan asibiti za shi yanzu, ido da agogon waya sun ishe ka.

Abin da ya bambanta yaro da babba

Idan babba ya yanke jiki ya faɗi, yawanci zuciya ce ta fara tsayawa. A yaro numfashi ne ke fara gazawa, zuciya ta biyo baya saboda ta rasa iska. Ke nan akwai tazara tsakanin biyun, kuma a cikinta ake ceton rai.

Hanyar iskar jariri faɗinta bai wuce na ɗan ƙaramin yatsansa ba, kumburi kaɗan ko majina kaɗan sun isa su tsuke ta. A watannin farko ta hanci ya fi yin numfashi. Harshensa babba ne a cikin ɗan bakinsa, ƙeyarsa kuma ta yi tudu, idan aka kwantar da shi rigingine sai haɓarsa ta faɗo kan ƙirji, hanya ta lanƙwashe. Ga ƙashin ƙirjin da taushi, ga saurin gajiya. Yaro zai yi ta fama yana haki na sa'o'i, sai farat ɗaya ƙarfinsa ya ƙare. A riƙe wannan da kyau: yaron da ya kwana yana haki, da asuba ya yi tsit, ya saki jiki, numfashinsa ya koma a hankali, idonsa a lumshe, ƙarfinsa ne ya ƙare. Gidaje da yawa an ce "alhamdu lillahi ya samu barci" a daidai lokacin da ya kamata a fita da gudu.

Mataki na farko: kallo kafin taɓawa

Ido ba mudu ba, ya san kima. Kafin ka taɓa yaro, bar shi a jikin uwarsa ka dube shi na rabin minti. Da zarar baƙon hannu ya taɓa shi zai sa kuka, kuka kuwa yana ɓata duk wani ƙirge.

Abu uku kake nema. Na ɗaya, yadda yake a karan kansa: yana bin ka da ido, yana miƙa hannu ya karɓi waya ko makulli, in ya yi kuka uwarsa na iya lallashinsa? Ko kuwa ya yi laƙwas, idonsa ya kafe wuri ɗaya, kukansa siriri kamar na ɗan kyanwa? Yaron da ke tsala ihu yana ture ka ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya bar ni ina jujjuya shi bai ce uffan ba. Na biyu, wahalar numfashi: kafofin hanci na buɗewa suna tsukewa, kai na gyaɗawa tare da kowane numfashi, babban yaro ya ƙi kwanciya ya zauna ya dafa gwiwoyi, maganarsa na yankewa kalma-kalma. Na uku, launi. A fatarmu ba a kumatu ake ganin canji ba. Buɗe leɓe ka duba dasashi da harshe, ka duba tafin hannu. Harshen da ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi yana nufin iska ba ta isa jini. Tafin hannun da ya ɗashe fari fat, idan ka gwada shi da na uwar, yana nufin jini ya yi ƙasa ƙwarai.

Ko ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓaci, a tura wani neman abin hawa tun yanzu, kai kuma ka ci gaba da dubawa.

Mataki na biyu: hanyar iska a buɗe take?

Yaron da ke kuka da ƙarfi ko magana, hanyarsa a buɗe take. In ba haka ba, kasa kunne. Minshari a yaron da ba barci yake ba, harshe ne ya faɗa baya. Ƙarar ruwa a maƙogwaro kamar mai kurkure baki, majina ce ko amai. Ƙara mai kaushi lokacin jan numfashi ciki, maƙogwaro ne ya tsuke. Fito siriri lokacin fitar da numfashi, ƙananan hanyoyin cikin huhu ne, irin na asma. Nishi gajere a ƙarshen kowane numfashi, "ih, ih, ih", musamman a jariri, alama ce mai nauyi ƙwarai.

Yaron da ke cikin hayyacinsa, bar shi a yanayin da ya zaɓa wa kansa, yawanci zaune a cinyar uwa. Kada a tilasta masa kwanciya. Wanda hankalinsa ya gushe amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, baki na kallon ƙasa kaɗan don amai da yawu su zubo waje. Jaririn da hancinsa ya toshe, a ɗiga masa ruwan gishirin hanci da ake sayarwa a kemis, ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafa, a share da tsumma mai laushi. Sau da yawa wannan kaɗai ke sa ya koma kama nono.

Mataki na uku: ɗaga riga, ƙirga numfashi

Nan ne zuciyar aikin. A ɗaga riga har wuya, ko ana sanyi, minti ɗaya ba zai cutar da shi ba. A jira ya natsu, in ya samu yana barci ma ya fi. Saita agogon waya minti ɗaya cif. Ɗagawar ciki da saukarsa, numfashi ɗaya ke nan. Kada a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka, domin jarirai sukan yi sauri, su ɗan tsaya, su ci gaba.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ma'aikatan asibitocinmu na matakin farko ke aiki da shi, shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, numfashi 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Sittin, hamsin, arba'in. A rubuta a bango kusa da kalanda in ana tsoron mantuwa. A jariri sabon haihuwa idan an samu 60, a sake ƙirgawa karo na biyu don tabbatarwa.

Sannan lotsawar ƙirji. Mai lafiya idan ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Wanda huhunsa ya yi tauri da ciwo, ƙasan haƙarƙarinsa ne ke shigewa ciki daidai lokacin da yake jan iska, sai ka ga rami ya fito tsakanin ƙirji da ciki. Abin lura, a gan shi a kowane numfashi kuma yaron na cikin natsuwa. Wanda ke bayyana lokacin kuka ko shan nono kawai ba shi ake nufi ba. Jarirai 'yan kwanaki kuma sukan yi 'yar lotsawa kaɗan saboda taushin ƙashi, tasu sai ta yi zurfi sosai take zama alama.

Shawarata ga kowace uwa: yau da dare, yaronki na lafiya lau yana barci, ɗaga rigarsa ki ƙirga. Idon da ya saba da numfashin lafiya ba ya ɓata lokaci ranar da abu ya canza.

Wasu gidajen da kemis-kemis yanzu suna da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar jini. Ƙasa da 90 yana nufin yaron na buƙatar oksijin. Amma ta manya ba ta zama daidai a ɗan yatsan jariri, kuma hannu mai sanyi ko motsi na ruɗa ta. Idan ta nuna 96 alhali ƙirji na lotsawa, a bi abin da ido ya gani.

Mataki na huɗu: jini da hankali

Taɓa tafin hannu da ƙafa. In sun yi sanyi ƙalau alhali jiki da zafi, danna farcen babban yatsa na daƙiƙa 5 har ya yi fari, ka saki. Ya kamata jan ya dawo nan take. Idan ya wuce daƙiƙa 3, jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Hankali kuma hawa huɗu ne: yana farke da kansa, sai an kira shi yake buɗe ido, sai an mintsine shi yake motsi, ko ba ya motsi sam. Biyun ƙarshe ba sa jiran komai.

Yanke shawara

A fita yanzu, ko ƙarfe nawa ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ba ya farkawa sosai, harshe ya canza launi, yana nishi, ƙirji na lotsawa sosai, ko ƙara mai kaushi na fita yana zaune lafiya ba kuka yake ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, saurin numfashi kaɗai, ko zafin jiki, ko sanyin jiki, ko rage shan nono, kowanne ya isa dalili. Haka yaro mai tamowa da mai sikila. Mai sikila da ya haɗa zazzaɓi da tari da ciwon ƙirji, kada a tsaya jiƙa masa magani a gida.

Saurin numfashi ba tare da waɗancan alamomin ba, yaron na ci yana sha, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Yawanci limoniya ce da ake magancewa da amoksisilin mai narkewa a ruwa, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadi gwargwadon shekaru da nauyi. Tari da majina kawai, numfashi daidai, wannan na gida ne: nono akai-akai, ruwa mai ɗumi, zuma ga wanda ya haura shekara 1 kaɗai. Maganin tari na kwalba ba ya warkar da limoniya, wasunsu ma barci suke sa yaro su ɓoye alamun.

Abu biyu ke jawo jinkiri a gidajenmu, kuma dukansu ana iya warware su tun kafin ciwo ya zo. Na farko jiran maigida. Ina roƙon iyaye maza, ka faɗa da bakinka tun yau, a gaban mahaifiyarka in tana gidan: duk ranar da numfashin yaro ya canza, a tafi asibiti, a kira ni a hanya. Na biyu jiran safiya. Ciwon numfashi da dare yake tsananta, kuma a wasu yankunan jiharmu ta Katsina tafiyar dare sai dole saboda halin tsaro. Yaron da ke haki da la'asar, a tafi da shi kafin magariba.

Idan abu ya maƙale masa

Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, ɓarin goro, dutsen ado, murfin biro. Yaro na wasa lafiya lau, sai tari ya turnuƙe shi farat ɗaya. Idan yana tari da ƙarfi, yana kuka, sauti na fita, ƙyale shi ya yi ta tarin, kana tsaye a kansa. Kada a ba shi ruwa ko lomar tuwo wai ta tura abin.

Idan sauti ya ɗauke, baki a buɗe babu kuka, fuska na canzawa, to hannunka ne asibitinsa. Ɗan ƙasa da shekara 1, zauna ka kifa shi a kan damtsen hannunka bisa cinyarka, kansa ya fi gindinsa yin ƙasa, yatsunka na tallafe da muƙamuƙinsa ba tare da ka matse wuya ba. Da tushen tafin ɗaya hannun, buga tsakanin allunan kafaɗunsa sau 5, bugu mai ƙarfi, kana dubawa bayan kowanne. In bai fito ba, juyo shi rigingine, kai na ƙasa har yanzu, sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji ƙasa kaɗan da layin nonuwa, danna da ƙarfi sau 5. A yi ta maimaitawa, biyar baya, biyar gaba. Ba a matsa cikin jariri, hantarsa na iya fashewa.

Wanda ya haura shekara 1, sunkuyar da shi gaba, bugu 5 a baya. In bai yi ba, durƙusa a bayansa, zagaye shi da hannuwanka, ɗora dunƙulen hannu tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, kama da ɗaya hannun, fizgo ciki da sama sau 5.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zura yatsa cikin maƙogwaro ana lalube. Yatsa tura abin yake ƙara yi. Sai abin da kake gani ƙuru-ƙuru a baki za ka ciro. In yaron ya suma, a koma hura iska da danna ƙirji kamar yadda zan bayyana. Ko abin ya fito, a je a duba shi. Haka yaron da ya ƙware da gyaɗa, tarin ya lafa, amma bayan kwanaki ya kama tari da zazzaɓin da ba sa jin magani: a gaya wa likita labarin gyaɗar, wataƙila tana cikin huhu.

Asma, kumburin wuya, da abin da aka sha ko aka shaƙa

Hazo da ƙurar hunturu da hayaƙin itace na tayar da asma, wadda iyayenmu ke kira fuka. Yaron da aka riga aka rubuta wa abin shaƙa na salbutamol, a zaunar da shi a ba shi. Fesawa kai tsaye a bakin ƙaramin yaro asarar magani ce, a harshe yake tsayawa. A samu tsabtatacciyar robar ruwa mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a cusa shi ya zauna daram. Yaro ya kama bakin robar da leɓɓansa. A girgiza, a fesa sau ɗaya, ya yi numfashi biyar ko shida, a sake fesa na biyu. Ana iya maimaitawa bayan kowane minti 20 har sau uku ana kan hanya, in kuma likitansa ya riga ya faɗi adadi, a bi nasa. Mai asma da fiton ƙirjinsa ya ɗauke alhali yana ƙara galabaita, iska ce ta daina shiga.

Tari mai kama da haushi, da dusashewar murya, da ƙara lokacin jan numfashi, kumburin maƙogwaro ne. Kuka na ƙara tsuke shi, don haka a bar yaron a jikin uwarsa, a rage taron mutane a kansa. Kada a danna harshensa da cokali don a leƙa. Sirace da tafasasshen ruwa ba ya buɗe wannan hanyar, ƙuna kawai yake jawowa. Tun daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta dawo da ƙarfi a Arewa, kuma Katsina na cikin jihohin da ta fi taɓawa tare da Kano da Yobe. Alamarta ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, wuya ya kumbura, da wata fata toka-toka da ke shimfiɗuwa a can ciki. Kada a kankare ta, kuma don Allah kada a kai wa wanzami ya cire belu. Jini zai ɓalle a hanyar da da ma ta tsuke. Maganinta na asibiti ne, kuma sauran yaran gidan ma sai an duba su, domin tana yaɗuwa. Allurar Penta da ake yi a sati 6 da 10 da 14 ita ke kare yara daga mashaƙo da tarin shiƙa.

Kananzir da aka zuba a robar lemo, yaro ya ɗauka ya kurɓa. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir a huhu yake, kuma amai ne ke kai shi can. A cire kayan da ya jiƙe, a wanke jiki da sabulu, a tafi, ko da ya yi kamar lafiya lau, domin hakin kan zo bayan sa'o'i. Fiya-fiya da magungunan feshin gona kuma suna sa dalalar yawu, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da ruwa. A kwantar da shi a gefe, a tafi da kwalbar.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, ko janareta a soro ko kusa da taga, suna fitar da iska mai guba marar wari. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da amai, a fitar da kowa waje, a fara da jariri. A nan na'urar yatsa na iya nuna lamba mai kyau alhali jini ya cika da guba.

Da damina kuma akwai wani numfashi mai zurfi, kamar na wanda ya yi gudu, babu tari babu majina, ga zazzaɓi, tafin hannu ya ɗashe. Zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani. Irin wannan yaron sau da yawa ƙarin jini yake buƙata, don haka a tafi da 'yan uwa manya masu lafiya waɗanda za su iya bayarwa. In an biya ta ƙaramin asibiti, akwai maganin artesunate na matsawa ta dubura da akan sa wa 'yan ƙasa da shekara 6 kafin a tura su gaba.

Idan jijjiga ta zo, a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai buge, a duba agogo. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a yi masa hayaƙi, kada a kara ƙafarsa a wuta. A yi addu'a, a yi tofi, amma rubutu ko jiƙo ko ruwa kada ɗigo ya shiga bakin yaron da ba ya cikin hayyacinsa, huhu zai tafi. Jijjigar da ta kai minti 5 ba a jiran ta tsaya, a ɗauke shi a haka.

Idan numfashi ya tsaya

Kira sunansa, buga tafin ƙafarsa. In babu motsi, ƙwala kira a zo, ka kwantar da shi a wuri mai tauri, tabarma a ƙasa ta fi katifa. Jariri, fuskarsa ta kalli sama sak, a sa ninkakken zani ƙarƙashin kafaɗunsa, kada a tanƙwara wuyan baya. Babban yaro, a ɗan tura goshi baya a ɗaga haɓa. Kai kuncinka kusa da bakinsa kana kallon ƙirji, kada ya wuce daƙiƙa 10. Jan iska jefi-jefi kamar shaƙuwa ba numfashi ba ne.

Hura masa iska sau 5. Jariri, bakinka ya rufe bakinsa da hancinsa tare, iskar da ke cikin kumatunka ta isa. Babban yaro, toshe hanci ka hura ta baki. Kowace hurawa daƙiƙa ɗaya, har ka ga ƙirji ya taso. In bai taso ba, gyara zaman kai ka sake. Idan bayan haka babu motsi, babu tari, babu numfashi, fara danna ƙirji a rabin ƙasa na ƙashin tsakiya. Jariri, zagaye ƙirjinsa da hannuwanka biyu ka danna da manyan yatsunka. Babban yaro, tushen tafin hannu ɗaya. Zurfin ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wajen santimita 4 a jariri, 5 a yaro. Saurin kuma 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa. Danna 30, hura 2, ka ci gaba. Mutane na jin tsoron karya haƙarƙari sai su yi ta shafawa. Danna da gaske, ƙashi na ɗoruwa. In kai kaɗai ne, yi minti ɗaya kana wannan kafin ka fita neman taimako, jariri kuma ka tafi da shi a hannu.

Yaron da aka tsamo daga kududdufi ko rijiya ko bahon wanki, haka za a yi masa, a fara da hura iska. Kada a ɓata lokaci ana matsa cikinsa ko ana zazzage shi wai ruwa ya fito.

A hanya

Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122. A kira, amma kada a zauna jiran mota in akwai kurkura ko motar maƙwabci a ƙofar gida. Kowane gida ya ajiye lambar direba biyu na unguwa da za su ɗaga waya da dare.

Kada a goya yaron da ke haki. A baya ba a ganin fuskarsa, zani na matse ƙirjinsa, hijabi na rufe shi, kuma an sha kwanto goyo a ƙofar asibiti a tarar rai ya yi halinsa tun a hanya. A riƙe shi a gaba, a ɗan tashe, fuska a buɗe, wani na haska shi da fitilar waya. Jariri sabon haihuwa a sa shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufa musu zani, a sa masa hula, kansa a juye gefe. In babur ne kaɗai, mutum na biyu ya zauna a baya ya rungume shi. In yana iya tsotsa, a ba shi nono kaɗan-kaɗan don kada sukarin jininsa ya faɗi. In ba ya iyawa, kada a matsa.

A nufi inda ake da oksijin. A cikin birnin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Babban Asibiti, da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Mutanen Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure kuwa Daura ta fi musu kusa, tsakaninta da Katsina wajen kilomita 80 ne, tafiyar da yaro mai shuɗin harshe ba zai jure ba babu iska. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da zai tura yaro, ya ba da allurar farko ta maganin ƙwayoyin cuta, ya rubuta takarda, ya buga waya can. In akwai tukunyar oksijin a motar, ta siririn bututun hanci ana ba jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara 1 kuma lita 1 zuwa 2.

A ƙofar asibiti

Kada a shiga layin kati. A wuce sashen gaggawa na yara kai tsaye, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani, da murya a sama, cewa yaro ne ba ya numfashi daidai. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wani ya tsaya wajen kati da kuɗi, uwa da yaro su shige.

Bayani gajere a jere ya fi dogon labari amfani. Misali: "Sista, watansa takwas. Tari kwana uku, haki tun jiya. Na ƙirga 64 da isha'i, ƙirjinsa na lotsawa. Rabonsa da nono tun la'asar. Mun ba shi farasitamol da azahar, da wani jiƙo da safe." A faɗi na gargajiyar da aka ba shi ba tare da jin nauyi ba, likita na buƙatar sani don ya san abin da zai haɗa da abin da zai guje wa. A zo da kwalaben magungunan da ya sha, da katin rigakafinsa, a kuma faɗa in yana da sikila, ko asma, ko wani maganin da jikinsa ba ya karɓa.

Idan an sallame ku da magani, a shanye shi har kwanakin da aka faɗa ko da yaron ya koma wasa a rana ta biyu. A ci gaba da ɗaga riga ana ƙirgawa safe da yamma. In lambar ta hau, ko ya rage shan nono, ko lotsawar ta dawo, a koma a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.